Kalmar Oksijin: Ma'anarta da Wuraren Amfani da Ita

Akwai wata kalma ta Turanci da ta ke yawan fitowa cikin takardun asibiti da na ma'aikatan haƙar rijiyoyi, watau oxygen, wadda a ke rubutawa oksijin da Hausa. Sau da yawa malaman ofis su kan fassara ta da "iska" kawai, su wuce. Wannan fassara ba ta isa ba, har ma tana iya jawo hasarar rai.

Iskar da a ke shaƙa gauraye ta ke. In an kasa ta kashi 100, wajen kashi 21 ne kaɗai oksijin, kusan kashi 78 kuwa naitirojin ne, wanda ba ya riƙe numfashi. Wannan ɗan kaso shi jini ya ke ɗauka daga huhu ya kai ko'ina cikin jiki, da shi kuma wuta ta ke ci. Maƙeri in yana zuga, oksijin ya ke ƙara wa gawayi, ko da bai san sunansa ba.

Sunan kuwa bisa kuskure aka raɗa shi. Wani masani na Ingila, Joseph Priestley, ya ware wannan iska cikin 1774, sa'an nan Antoine Lavoisier na Faransa ya sa mata suna cikin 1777, daga kalmomi biyu na Girkanci masu nufin "mai haifar da tsami", gama yana zaton ita ce tushen kowane ruwan asid. Daga baya aka gane ba haka ba ne, amma suna ya riga ya bi ta.

Rijiya mai zurfi, musamman wadda ta daɗe a rufe, tana iya zama cike da iska alhali oksijin ya yi ƙaranci a cikinta. Mai shiga sai ya suma tun bai yi kira ba, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Saboda haka ya kamata hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa, a riƙa zura fitila tukuna. In ta mutu, kada kowa ya shiga. In ma ba ta mutu ba, lalle a ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu, mutane suna riƙe da ita a sama.

Wasu tulunan ƙarfe na asibiti da na masu walda kuwa oksijin zalla ne a ciki. Shi kansa ba ya kamawa, amma ya kan mai da ƙaramar wuta gobara nan da nan. Kada a kusance su da taba, ko fitila, ko hannu mai maiƙo.