Wace Ƙaramar Bindiga Ta Fi Aminci Ga Ɗan Sanda?

Ɗan sanda ya kan yi shekara da shekaru bai harba bindigarsa ba sai a filin koyo. Amma ran da buƙata ta zo, in ta ƙi tashi, to, ransa da na waɗanda ya ke tsaro su ne a bakin halaka. Saboda haka hukumomin Turai da Amurka su kan jarraba ƙaramar bindiga ƙwarai kafin su saya. Ga kaɗan daga abin da muka gani cikin labarin jarrabawar nan.

Da can 'yan sandan Amurka libarba su ke riƙewa, mai cin harsashi 6. Ba ta cika cijewa ba, gama yatsan mai harbi shi ke juya ta. In harsashi ɗaya ya ƙi, sai a sake jan kunama a wuce ga na gaba. Aibinta wuyar ɗuri. Ran 11 ga Afrilu, 1986, a birnin Miyami, ma'aikatan FBI 8 suka yi arangama da 'yan fashi 2. Aka kashe ma'aikata 2, aka yi wa 5 rauni. Ɗayansu an harbe shi a hannu, jini ya hana shi sake ɗura libarbarsa. Wannan ya ƙara sa hukumomi komawa ga fistol, watau bindiga mai ɗura kanta.

Ita fistol, ƙarfin albarushi ke tura marfinta baya, ta tofar da kwanso, sa'an nan sifirin ya komo da marfin, ya ɗauko wani harsashi daga gidan harsashi. Ɗurinta da sauri, amma ko wane ɗaya cikin matakan nan wurin cijewa ne. Don haka ma'aunin amincinta shi ne a harba dubbai, a ƙidaya sau nawa ta cije.

Jamus ta Yamma ta sake wa 'yan sandanta bindiga bayan harin da aka kai a wasannin Olimfik na Munik cikin 1972. Iri uku suka ci jarrabawa: Walther P5, da SIG Sauer P6, da Heckler & Koch P7, dukansu masu cin harsashi 8 na milimita 9. Ba a ce wata ta kayar da sauran ba, aka bar ko wace jiha ta zaɓi wadda ta ke so.

Sojan Ostiriya kuwa sharaɗinsu shi ne kada bindiga ta cije fiye da sau 20 cikin harbi 10,000 na fari. Wanda ya ci shi ne Gaston Glock, da bindigarsa Glock 17 ta 1982, mai jikin roba, mai cin harsashi 17. Sassanta ba su kai 40 ba, kuma abin da sassansa ba su da yawa, wuraren ɓacinsa kaɗan ne. Daga baya rundunonin 'yan sanda da yawa a Amurka suka karɓe ta.

Cikin jarrabawar sojan Amurka ma bindiga biyu suka haye, Beretta 92 da SIG Sauer P226, sai kuɗi ya raba gardama, aka ɗauki Beretta cikin 1985. Amma da aka je yaƙin Iraƙi cikin 2003, sojoji suka yi ta kukan tana cijewa. Da aka bincika, aka tarar yawancin laifin na wasu gidajen harsashi ne masu kaushin ciki, waɗanda rairayi ke maƙalewa a jikinsu.

To, jama'a, ga darasin. Manyan bindigogin nan kusan kunnen doki su ke a fagen jarrabawa. Abin da ke raba su a bakin aiki shi ne gidan harsashi, da kyaun harsashin, da tsabta, da hannun mai riƙo. Gama in ba a riƙe fistol da ƙarfi ba, marfinta ba ya kai ƙarshen tafiyarsa, sai ta cije.

Saboda haka muna ba duk mai riƙe da kuɗin hukuma shawara, kada suna ya ruɗe shi. Ya tambaya harsashi nawa aka harba, cikin ƙura ko cikin ɗaki, wa zai kawo kayan gyara, kuma harsashi nawa aka ware wa ko wane ɗan sanda na koyo a shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.