Gidajen Saukar Baƙi A Gombe: Abin Da Doka Ke Nema Daga Mai Gida

Tun ran 1 ga watan Oktoba na 1996, lokacin da Gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, birnin Gombe bai daina karɓar baƙi ba. Da ma can gari ne na fatauci, wanda auduga da gyaɗa da hatsi suka raya tun bayan da aka mai da hedkwatar masarautar can a 1919. Zamansa babban birnin jiha ya ƙaro masa ma'aikata da 'yan kwangila, sa'an nan aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke jawo majinyata daga jihohin maƙwabta. Har ila yau, rikicin da ya addabi Borno da Yobe tun daga 2009 ya sa iyalai da 'yan kasuwa da yawa sun komo Gombe da zama.

Wannan yawan baƙi ya haifar da wata sabuwar sana'a. Maimakon mutum ya ba da hayar gidansa shekara-shekara kamar yadda aka saba, sai ya ƙawata shi da gadaje da kujeru da injin wuta, ya riƙa ba da shi na kwana biyu ko mako guda ga 'yan biki, ko mahalarta taro, ko iyalin da suka zo hutu. Ana tallar irin waɗannan gidaje ta wayar hannu da kuma bakin dillalai. Riba akwai ta, to amma daga ranar da aka fara karɓar kuɗin kwana, gidan ya zama wurin sana'a a idon hukuma, kuma sana'a tana tafe da nata nauyi.

Saukar da baƙo don neman abinci tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Fatoma shi ne mai saukar da fatake a gidansa, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya sami la'adarsa. Amma fatoma ya san cewa duk abin da baƙonsa ya aikata, shi mai unguwa zai fara kira. Dokokin yau a kan wannan tushe suke, sai dai an rubuta su, an kuma raba su tsakanin hukumomi uku, watau ƙaramar hukuma da jiha da tarayya.

TAKARDAR FILI

Abu na farko shi ne takardar mallakar filin da gidan ke kai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukan filayen jiha amana a hannun Gwamna, kuma takardar shaidar mallaka da ake ba mutum tana faɗin abin da aka yarda ya yi da filin, ko gidan zama, ko wurin kasuwanci. Sashe na 28 na dokar ya ba Gwamna ikon soke mallaka idan aka saɓa sharuɗɗan da ke cikin takardar. Saboda haka wanda ya mai da gidan zama masaukin baƙi na dindindin, lalle ne ya nemi iznin sauya amfanin filin. A Gombe, harkar takardun filaye da kuɗin ƙasa na shekara tana hannun hukumar GOGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, iznin gini da tsara gari kuwa yana hannun Hukumar Tsara Birane ta jihar.

Wanda shi kansa ɗan haya ne, ya kuma ɗauko gidan yana saukar da baƙi ba da sanin mai shi ba, ya ɗauko wa kansa rigima, domin yawancin yarjejeniyoyin haya sun hana a ba wani haya a kan haya sai da yardar mai gida a rubuce.

WA KE DA IKO?

An daɗe ana jayayya a kan wanda ke da ikon yi wa otal-otal da masaukai rajista. Wata dokar soja ta 1992 ta ba Hukumar Raya Yawon Buɗe Ido ta Ƙasa wannan iko, amma Jihar Legas ta yi nata dokoki, ciki har da ta 2009 wadda ta ɗora harajin kashi 5 daga cikin 100 a kan kuɗin kwana da na abinci. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli, sai ta yanke hukunci a watan Yuli na 2013 cewa wannan hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan ga mai gida a Gombe ita ce, lasisin masauki da duk wani harajin kwanan baƙi, Gwamnatin Jihar Gombe ke da ta cewa a kansu, kuma ofishin Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jiha ne wurin da zai nufa kafin ya sauki baƙon farko.

Ƙaramar hukuma ma tana da nata rabo, domin Tsarin Mulki na 1999 ya sa kimanta gidaje don karɓar kuɗin gida cikin ayyukanta. A nan akwai abin lura, gama birnin ya riga ya tsallake iyakar Ƙaramar Hukumar Gombe. Gidan da ke Jekadafari ko Pantami yana ƙarƙashin Gombe, amma na Tumfure yana ƙarƙashin Akko. Bugu da ƙari, wanda ya laƙaba wa masaukinsa wani suna na kasuwanci, wajibi ne ya yi wa sunan rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, bisa dokar kamfanoni ta 2020.

LISSAFIN HARAJI

Kuɗin haya, ko na shekara ko na kwana guda, kuɗin shiga ne da ake biya wa haraji. Ran 26 ga watan Yuni na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsara su fara aiki ran 1 ga watan Janairu na 2026. A ƙarƙashinsu, naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara ba ta da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 daga cikin 100, miliyan 9 da ke bin ta kashi 18, haka yake hawa har ya kai kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50.

A ɗauka mutum ba shi da wata hanyar samu sai gidansa, kuma bayan ya cire kuɗin man inji da gyare-gyare da albashin mai gadi, ya tsira da naira miliyan 5. Zai biya naira 330,000 a mataki na biyu, da naira 360,000 a kan miliyan 2 da ta shiga mataki na uku, jimla naira 690,000 ke nan. In kuwa ma'aikaci ne mai albashi, za a haɗa ribar gidan da albashinsa ne a yi lissafi ɗaya. Abin da aka kashe wa sana'ar ana cire shi kafin a yanka haraji, amma sai da shaida, don haka rasit da littafin shiga da fita su ne garkuwar mai gida. Ana gabatar da bayanin kuɗin shigar shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris, ga hukumar harajin jihar da mutum yake zaune. Ɗan Gombe da ke zaune a Abuja, can zai biya harajin kansa, ko da gidan yana Gombe.

Akwai kuma harajin da ake cirewa tun daga tushe. Idan kamfani ko ma'aikatar gwamnati ta kama hayar gida, doka ta umurce ta ta cire kashi 10 daga cikin 100 ta miƙa wa hukuma da sunan mai gidan. Wannan kuɗi ba asara ba ne, ana rage shi daga harajin shekara, muddin mai gidan ya karɓi takardar shaidar cirewa. Harajin VAT kuwa, wanda ya koma kashi 7.5 tun watan Fabrairu na 2020, ba ya hawa hayar gidan zama, amma yana hawa hidimar masauki irin ta otal. An ɗauke wa ƙananan sana'o'i nauyin karɓarsa, kuma dokokin 2025 sun ɗaga iyakar sama da naira miliyan 25 da aka sa a 2020.

SANIN BAƘO

Nauyin da ya fi haraji girma shi ne na tsaro. Ƙa'idojin shige da fice na 2017 sun wajabta wa masu masaukai su ajiye littafin sunayen baƙi 'yan ƙasashen waje. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa otal-otal cikin sana'o'in da ke yin rajista a wani sashe na Hukumar EFCC, ta kuma hana mutum karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. A birnin da ya ɗanɗana hare-haren bam a 2014 da 2015, mai gidan da ya miƙa makulli ga wanda bai ga katin shaidarsa ba, ya jefa kansa da maƙwabtansa cikin hatsari.

Manyan biranen duniya sun riga sun sha wannan gwagwarmaya, tun bayan da kamfanin Airbnb ya bayyana a Amurka a 2008. A Landan ta Ingila, dokar 2015 ta ƙayyade kwana 90 a shekara ga mai son ba da gidansa ba tare da iznin sauya amfani ba. A 2024 hukumar birnin Basalona ta ƙasar Sifen ta ba da sanarwar soke lasisin gidaje wajen 10,000 zuwa 2028, domin masu yawon buɗe ido sun sa haya ta gagari 'yan gari. Gombe ba ta kai can ba, amma kowane gida da aka mayar masauki, gida ɗaya ne ya fita daga hannun ma'aikaci ko ɗalibin da ke neman hayar shekara, kuma ba abin da zai hana hukuma waiwayar lamarin idan ya yi yawa.

Rigakafi ya fi magani. Mai gidan da ya gyara takardar filinsa, ya yi rajista, ya ajiye lissafinsa da littafin baƙinsa, zai ci ribarsa da kwanciyar rai. Wanda ya yi ko oho kuwa, ranar da jami'an haraji ko 'yan sanda suka yi masa sallama, baƙon ya riga ya kama hanyarsa, shi za a tarar a ƙofar gida.