Yadda kwamfuta ke sauraron lafiyar murjani a ƙarƙashin teku

Idan kana Sifawa, kana iya cewa ina ruwanka da teku. To, tsaya ka ji. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wannan yanki na Sakkwato ruwan teku ne ya rufe shi. Shaida tana nan: dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, ragowar halittun ruwa ne, kuma a Dange an tono ƙasusuwan kifaye da na kadoji na wancan zamani.

Murjanin da ka san mata na ɗaurawa a wuya, na asalin ba dutse ba ne, ƙashin wata ƙaramar dabbar teku ce. 'Yan uwanta su ne ke gina tsaunukan murjani a ruwa mai ɗumi. Tsaunukan nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na halittun teku sun dogara da su, haka ma miliyoyin masunta.

Matsalar ita ce zafi. A jikin murjani akwai wata gansakuka da ke ciyar da shi, ita ce kuma ke ba shi launi. Idan zafin ruwa ya haura yadda ya saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai ya kore ta, ya yi fari fat. In abin ya daɗe, yunwa ta kashe shi. A Afrilun 2024, hukumar NOAA ta Amurka ta tabbatar cewa wannan fari ya game duniya karo na huɗu.

Wa zai iya nutsewa ya duba duk wannan? Nan ne kwamfuta ta shigo. Ana ba ta dubban hotunan da masana suka riga suka yi wa alama: wannan lafiyayye, wancan matacce. A hankali take gane bambancin da kanta, kamar yadda yaro ke koyon rarrabe gero da dawa. Manhajojin CoralNet da ReefCloud haka suke aiki.

Har da sauti ma. Lafiyayyen tsauni cike yake da ƙarar jatan lande da gurnanin kifaye. A 2022, masu bincike daga Ingila sun horar da kwamfuta da sautukan da aka naɗa a Indonesiya, ta rarrabe lafiyayyen tsauni da lalatacce daidai sau 92 cikin 100.

Sai dai fa abin da aka koya mata kaɗai ta sani. In an kai ta wani tekun daban, tana iya kuskure, dole masani ya bi bayanta. Kuma ba ta sanyaya ruwa, gargaɗi kawai take bayarwa da wuri. Ɗumamar da ke faranta murjani ita ce ke rikita mana damina a fadamar Rima.