Dundumin Gado: Ciwon Idon Da Ke Bin Jini

Daga Wakilinmu na Arewa

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Ikko da Ibadan aikinsu na dare ne: gadi, tuƙin mota, sayar da shayi ko tsire. Saboda haka wanda idonsa ke dushewa da zarar an yi magariba, to abincinsa na cikin haɗari.

Wani dundumin ƙarancin bitamin A ke kawo shi, kuma manja da hanta da zogale suna taimakawa wajen kawar da shi. Amma akwai na gado, wanda likitoci ke kira retinaitis figmentosa. An ƙiyasta yana kama kimanin mutum 1 cikin 4,000 a duniya.

Can ƙuryar ido akwai wani tantani mai karɓar haske. Ƙwayoyinsa masu gani cikin duhu su ke fara mutuwa, yawanci tun ana yara. Daga nan sai ganin gefe ya yi ta raguwa, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta bututu. Yana iya karanta jarida, amma ya yi tuntuɓe da butar da ke gabansa, jama'a su ce sakarci ne.

Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare. Uwa da uba na iya zama lafiya lau alhali kowannensu na ɗauke da irin ciwon, watau sai sun haɗu ya fito ga ɗa. Shi ya sa ya fi yawa a zuriyar da ake auren zumunci.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da yawancin masu shi. A 2017 Amurka ta amince da wata allura, amma ta masu wani iri guda ce kawai. Duk da haka zuwa asibiti na da amfani, don sau da yawa yana kan haɗu da ciwon, ita kuwa ana cire ta. Akwai sashen ido a asibitocin koyarwa na Ikko da Ibadan, a gida kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ECWA a Kano. Kada a yarda mai maganin kasuwa ya soki ido.

Direba mai wannan lalura ya daina tuƙin dare, mai gadi ya roƙi a mai da shi aikin rana. Yaro kuwa a kai shi makaranta da wuri. Akwai ta makafi ta Pacelli a Surulere da ta Gindiri a Jihar Filato. In an ga ciwon ga ɗa guda, a kai sauran 'yan'uwansa a duba su.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.