Idan Wani Ya Kutso Maka Gida: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Masu shiga gidajen mutane ba izini a arewacin Kaduna iri-iri ne. Akwai yaron da ya haura katanga don ya tsinki mangwaro ko ya ɗauko ƙwallonsa. Akwai ɗan bola jari da ya tarar da ƙofa a buɗe da rana tsaka, ya leƙa, ya hango tukunya ko tsohon ƙarfe a tsakar gida. Akwai mai taɓin hankali da ya ɓace hanya, da ɗan shaye-shayen da ya mayar da kangon maƙwabcinka masauki. Sannan akwai wanda ya zo da shiri: ya san inda kake ajiye janareto, ya san batirin sola yana ƙarƙashin bene, ya san tagar da kake sa waya caji kusa da ita. Bayan su duka akwai masu zuwa da makami. Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Badarawa da Malali zuwa Rigasa da Mando, da wuya ka sami layin da bai taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ba. Abin da mai gida ya yi a 'yan mintunan farko kan sa ya wayi gari a matsayin mai ƙara, ko kuma a matsayin wanda ake tuhuma.

Addini da doka sun haɗu a kan alfarmar gida. Suratun Nur ta yi umarni da neman izini da sallama kafin a shiga gidan wani, kuma wanda aka ce ya koma, ya koma. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin gidansa. Ita kuwa dokar laifuffuka ta Arewa, wato Pinal Kod, wadda ta fara aiki a 1960 kuma Jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, ta kasa laifin hawa-hawa. Shiga fili ko gidan wani da nufin aikata laifi, ko tsoratar da mai wurin, ko ci masa mutunci, ko ɓata masa rai, laifi ne. Haka wanda ya shigo da izini, aka ce ya fita ya ƙi, da irin wannan nufi. In gidan zama ne hukuncin ya fi na fili nauyi. In an ɓalle ƙofa ko an haura katanga ya ƙara nauyi, in kuma da dare ne, tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, ya fi duka. Niyya ce ginshiƙi a nan, shi ya sa yaron da ya biyo ƙwallo ba ajinsu ɗaya da wanda ya zo da almakashin yanka kwaɗo ba.

Inda mutane da yawa ke faɗawa rami shi ne batun kare kai. Gaskiya ne doka ta ba ka damar kare ranka, da iyalinka, da dukiyarka. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki ya yarda da haka, amma da sharaɗin ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce abin da hali ya buƙata ba. Pinal Kod ta ƙara fayyacewa: damar tana farawa lokacin da mai hankali zai ji tsoron haɗari, tana ƙarewa lokacin da haɗarin ya gushe, kuma ba a yin ɓarnar da ta zarce abin da kariyar ke nema. Ta amince cewa a wasu munanan halaye, kamar fashi, ko fasa gida da dare, ko yunƙurin cinna wa gida wuta, kariya tana iya kaiwa ga rasa ran maharin. Amma kotu ce za ta auna hakan daga baya, kuma tambayarta ɗaya ce: a daidai lokacin da ka kai bugun, akwai sauran haɗari a kanka? Ɓarawon da ya yar da makaminsa, ko ya faɗi ƙasa, ko aka ɗaure shi, ba barazana ba ne kuma. Duk sandar da ta sauka a kansa bayan nan hukunci ce, hukunci kuwa ba a hannunka yake ba.

Shari'ar Sunday Jackson, wani manomi a Jihar Adamawa, ta nuna yadda kotunan Najeriya ke tsananta wannan awo. A 2015 ya ce wani mutum ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi, mutumin ya mutu. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da ya ƙwace wuƙar yana da halin tserewa. Lauyoyi da malaman addini da dama sun soki hukuncin, daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Kafin afuwar ta zo ya shafe sama da shekara goma a tsare. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, ka san da shi kafin ka ɗaga adda.

Akwai wani makamin da ba a lissafa shi cikin makamai: ihun "ɓarawo!" Yin ihu don maƙwabta su kawo ɗauki daidai ne, sau da yawa ma shi kaɗai kan kori mai kutse. Matsalar tana farawa idan taro ya haɗu a kan wanda aka kama. Kowa ya zo da haushin wayar da 'yan sara-suka suka ƙwace masa, ko babur ɗin da aka sace masa bara, sai a sauke a kan mutum ɗaya da ba a ma tabbatar da abin da ya yi ba. Mu 'yan Arewa mun ɗanɗana zafin wannan a ƙarshen Maris na 2025, lokacin da aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa gida Sallah daga Fatakwal, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya kashe 16 daga cikinsu. Mun yi kuka, mun nemi adalci, kuma muna da gaskiya. To abin da muka ƙi a yi wa namu a Uromi bai halatta mu yi wa ɗan wani a Hayin Banki ko Tudun Wada ba. Mai gidan da aka kama mutum a gidansa shi ya fi kowa ikon tsayar da taro, kuma in rai ya salwanta sunansa ne zai fara shiga takardar 'yan sanda.

Abin da doka ta yarda da shi shi ne kamawa da miƙawa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba kowane mutum damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Babu duka don ya faɗi abokan aikinsa, babu tuɓe masa kaya, babu ɗaukarsa a bidiyo a watsa a Facebook ko TikTok. A kira mai unguwa da dattawa biyu ko uku su tsaya a kansa, a kira 'yan sintiri, a kai shi caji ofis mafi kusa, ko na Kawo ne, ko Malali, ko Magajin Gari, ko Rigasa. In ya ji rauni, asibiti ne farko.

Idan ka ji motsi da dare, kada ka fita tsakar gida da tocila kana tambayar wane ne. Ka tara iyali a ɗaki ɗaya mai sakata ta ciki, ka kunna fitilun waje in makunninsu na ciki, ka kira maƙwabci da shugaban sintiri, ka kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa da ba a cajin kuɗi a kanta. Ka bar wa mai kutsen hanyar fita, domin wanda aka rutsa a lungu shi ke zaro wuƙa. In kuwa masu bindiga ne, kaya ba su kai rai ba. Mazauna Mando da Afaka ba su manta da Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta tarayya, da Agustan shekarar, lokacin da aka kutsa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja aka kashe hafsa biyu. Irin waɗannan ba a tarar su da gora. Wanda harsashi ya samu kuma a garzaya da shi asibiti kai tsaye, dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti karɓarsa ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Da gari ya waye, kada a share wuri ko a gyara ƙofar da aka ɓalle kafin a ɗauki hoto. A rubuta abin da ya ɓata, da lambar IMEI ta waya da ke jikin kwalinta, da lambar inji ta babur ko janareto. A kai rahoto ko da abin da aka ɗauka bai taka kara ya karya ba. Wanda ya shigo yau ya ɗauki bokiti, ya ga hanyar gidan ke nan.

Wajen tsare gida, yawancinmu kan fara da tsawon katanga, a bi ta da fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya. Katanga tana da amfani, amma in ta yi tsawon da maƙwabci ba ya ji ba ya gani, wanda ya riga ya shiga ya sami sutura. Ka zaga bayan gidanka da rana ka duba da idon mai son shiga: reshen bishiyar da ya rataya a kan katanga, tarin bulo ko yashi da aka jingine da ita, tankin ruwa da ya zama tsani, kangon da ke manne da kai. Ƙofar baya da ta kicin su aka fi sakaci da su, ana zuba kuɗi a get a bar su da katako da kwaɗon kasuwa. Haske ya fi komai araha. Tunda wutar Kaduna Electric ba abin dogaro ba ce da dare, fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ta fi kyamarar da ba ta da batiri amfani.

Ƙarfen taga yana buƙatar tunani biyu. Ya hana ɓarawo shiga, ya kuma hana mai gida fita. A lokacin hunturu, da gobara ke yawaita saboda hita da garwashin jin ɗumi, an sha rasa iyali a ɗakunan da ƙofarsu ta kama wuta, tagoginsu kuma a walde. Ka sa mai walda ya yi wa aƙalla taga ɗaya a ɓangaren kwana ƙarfe mai buɗuwa daga ciki, makullin ya zauna a wuri ɗaya da kowa ya sani, har yara. Jona wa get ko katanga tsirarar wayar wuta kuwa, wannan tarko ne da ba ya tantance ɓarawo da almajiri ko ɗan maƙwabci, kuma wanda ya ɗana shi zai amsa tuhumar kisa in ya kashe. Haka ajiye bindiga ba lasisi laifi ne mai zaman kansa a ƙarƙashin dokar makamai, ko da ba ka taɓa harba ta ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Sata mai tsari da wuya ta rasa infoma, wanda ya san ranar da ka karɓo kuɗi ko ranar da za ku tafi Zariya biki. Wannan ba dalili ba ne na zargin kowane ɗan aiki, yawancinsu amintattu ne masu neman halal. Amma kafin ka ɗauki maigadi ko mai aikin gida ka san garinsu, ka san wanda ya tsaya masa, mai unguwa ya san da zamansa, kuma ka biya shi hakkinsa a kan lokaci. In ka tare a gidan haya ka sauya makullai. Hoton tafiya Umara ko hutun Sallah ya jira sai an dawo. Matan da ke wuni a gida su kaɗai su riƙe ƙa'ida ɗaya: wanda ya ce ya zo duba mita ko gyaran famfo ya tsaya a waje har a kira maigida a tabbatar.

A ganina babu abin da ya kai sanin maƙwabta. Layin da ke da lambobin juna, da usur a kowane gida, da zauren WhatsApp da ba a cika shi da jita-jita ba, ya fi layin da kowa ya kulle kansa. Ku biya kuɗin sintiri, amma ku tabbatar 'yan sintirin sanannu ne ga mai unguwa da DPO, suna aiki tare da hukumar sintiri ta jiha, KADVS, wadda aka kafa da doka a 2016, gwamnati kuma ta ɗaukar mata mutum 7,000 a 2023. In kuna rufe get ɗin layi da dare, makulli ya kasance a hannun wanda za a samu nan take in naƙuda ko rashin lafiya ta taso.

Akwai kuma kutsen da ba a yin sa da dare. Ka sayi fili a Rigachikun ko bayan Mando, ka yi shekaru ba ka leƙa ba, ka je ka tarar an ci iyakarka ko an haƙa harsashi. Kada ka ɗebo matasa su rushe. Ka tattara takardunka, ka fara da mai unguwa da dagaci, ka je hukumar filaye ta jiha, KADGIS, a titin Ali Akilu a duba rajistar filin, in abin ya ƙi lauya ya nemo umarnin kotu na dakatar da gini. Kada ka yi jinkiri, domin doka ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙarar fili. Shi ma ɗan hayan da kuɗinsa ya ƙare bai zama mai kutse ba. Cire masa ƙofa ko kwano, ko watsa masa kaya waje, laifi ne a kan mai gida, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana 'yan sanda kama mutum a kan rikicin bashi ko yarjejeniya. Ana ba shi takardar notis yadda doka ta tsara, sannan kotu ce ke fitar da shi.