Masu ceto ma na cikin haɗari: Abin da faɗuwar jirgin Chukuba ke tuna wa mutanen Gure

A tsakiyar watan Agustan 2023, hankalin mutanen Gure, kamar na sauran 'yan Nijar, yana kan juyin mulkin 26 ga Yuli da barazanar ƙungiyar CEDEAO ta turo sojoji. Shi ya sa wani labari daga maƙwabciya Najeriya ya wuce mutane da yawa: jirgi mai saukar ungulu da aka tura ɗauko sojojin da suka jikkata ya faɗi, babu wanda ya fita da rai.

Ranar Lahadi 13 ga watan, 'yan bindiga sun yi wa sojoji kwanton ɓauna a kan hanyar Zungeru zuwa Tegina a jihar Neja. Washegari rundunar sojin sama ta tura jirgi samfurin Mi-171. Ya sauka a filin wata makarantar firamare a Zungeru, ya ɗauki gawarwaki 14 da sojoji 7 masu raunuka, ya nufi Kaduna. Da misalin ƙarfe ɗaya na rana ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro, tare da matuƙa biyu da ma'aikata biyu.

Hedikwatar tsaron Najeriya, ta bakin Manjo Janar Edward Buba, ta ce sojoji 36 ne suka rasu a harin da haɗarin gaba ɗaya. Yaran ɗan bindiga Dogo Giɗe sun fitar da bidiyo suna iƙirarin su suka harbo jirgin, rundunar kuma ta ce tana bincike.

Me ya haɗa wannan da Gure?

Nisa. Idan rauni ya fi ƙarfin asibitin Gure, sai an kai mutum babban asibitin Damagaram, tafiyar sama da kilomita 150 a kan hanyar da ta taso daga Diffa. Wanda abin ya same shi a arewa, wajen Tesker ko Termit, shi kwalta ma bai gani ba tukuna, sai rairayi. Mai zubar jini ba ya jiran mota ta fita daga yashi. A irin wannan wuri, jirgi mai saukar ungulu ne kaɗai ke iya mayar da tafiyar yini ta koma ta awa guda.

Sai dai abin da ya sa jirgin ke da amfani shi ne kuma ke jefa shi cikin haɗari. Dole ya yi ƙasa-ƙasa, ya rage gudu, ya sauka daidai inda aka yi ɓarna, wurin da maharan suka sani, suka kuma san za a zo. Zafin rana yana sa iska ta yi sako-sako, farfelar jirgi ta rasa ƙarfin ɗaga kaya, ga nauyin majinyata. Wajen sauka a yashi, farfelar na tayar da ƙurar da ke rufe wa matuƙi ƙasa a daƙiƙun da ya fi buƙatar ganinta. Lokacin hunturu kuwa hazo ya ishe shi.

Nijar ma ta ɗanɗana. Ranar 26 ga Disamban 2022, jirgin soja samfurin Mi-17 ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a filin jirgin saman soja na Yamai bayan atisaye. Mutum uku da ke ciki, sojojin Nijar biyu da wani mai horarwa ɗan ƙasar waje, duk sun rasu, duk da ƙoƙarin 'yan kwana-kwana na kashe wutar. Ke nan tun a wajen koyon aikin ake fara sa rai a gaba.

Tambarin agaji ma ba kariya ba ne. Ranar 2 ga Yulin 2020, an harbi jirgi mai saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Damasak, garin jihar Borno da ke dab da iyakar Diffa. Matuƙan sun tsira da jirgin, amma fararen hula biyu sun rasu a harin, ciki har da yaro ɗan shekara biyar. An dakatar da jigilar na ɗan lokaci, kuma masu jiran magani da ma'aikatan lafiya ne suka ji a jikinsu.

Asarar irin wannan jirgi ba ta tsaya a ranar da ya faɗi ba. Horar da matuƙi na cin shekaru, jiragen kuma ƙalilan ne a ƙasashenmu. Duk ɗayan da aka rasa, akwai majinyatan gobe da ba za a je ɗauka ba.

Akwai abin da ke hannun jama'a. Idan jirgi zai sauka a gari ko ƙauye, a janye yara da dabbobi, a kwashe leda, tabarmi da kwanon rufin da iska za ta iya ɗagawa, kada kowa ya matso sai ma'aikatan sun yi alama, musamman ta bayan jirgi inda ƙaramar farfela take. Masu ɗaukar hoto da waya su sani cewa yaɗa wurin saukar jirgi a Facebook ko WhatsApp a yankin da ake rikici na iya kai labari ga wanda bai kamata ba.

Mutum huɗun da suka tashi zuwa Zungeru ranar Litinin ɗin nan lafiyarsu ƙalau suka bar sansani. Sun san abin da ya faru a wurin daren jiya, suka kuma tafi. Allah Ya jiƙansu da rahama.