Yaƙushin ƙananan dabbobin daji da ake kiwo a gida: Yadda ake kula da raunin

Biri, kurege, bushiya, aku da gafiya na cikin namun dajin da wasu ke ajiyewa a gida don sha'awa. Idan ɗayansu ya yaƙushi mutum, akan raina raunin saboda ƙanƙantarsa, alhali faratan dabbar na ɗauke da ƙasa, kashi da yawu, waɗanda kan shigar da ƙwayoyin cuta cikin fata.

An ga haka a Amurka a shekarar 2003, lokacin da aka shigar da wasu ƙananan dabbobi daga Ghana, ciki har da gafiya. Sun harbi wasu dangin kurege da ake sayarwa don kiwo, daga nan cutar ƙyandar biri ta kama mutum 47 a jihohi shida, wasunsu ta hanyar cizo ko yaƙushi.

Matakin farko shi ne wanke raunin nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, domin hakan na rage yawan ƙwayoyin cutar. Bayan haka a shafa aidin, a rufe da bandeji mai tsafta. Kada a sa toka, ƙasa, barkono ko baƙin mai.

Idan biri ko jemage ne ya yi raunin, a tafi asibiti a ranar, saboda haɗarin ciwon haukan kare. Allurar rigakafi na hana shi, amma da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Haka kuma, wanda ya haura shekara biyar bai yi allurar tetanus ba, wato cutar sarƙewar haƙora, yana iya buƙatar ƙari idan raunin ya yi zurfi ko datti.

A kwanakin da suka biyo baya, a lura da kumburi, ja mai yaɗuwa, mugunya, kaluluwa, ƙuraje ko zazzaɓi. Ko ɗaya aka gani, a ga likita. Yara ƙanana, masu juna biyu, masu ciwon suga da masu raunin garkuwar jiki kada su jira alamun.

A asibiti, a faɗi irin dabbar, inda aka samo ta da ranar da abin ya faru, domin da wannan bayani ne likita zai zaɓi maganin da ya dace.